Ka Sayi Mota Mai Ogzilari? Ga Yadda Za Ka Yi Mata Sabis, Ka Shirya Ta Shiga Daji

Satin da na karɓi makullin Hilux ɗina ta farko, 'yar Kwatano mai injin gas, ban zame ko'ina ba sai wajen mai walda. Aka ƙera mata gadin gaba mai kauri kamar ƙofar shago, aka jera fitilu huɗu a saman rufi, na koma gefe ina kallonta ina murmushi ni kaɗai. Wata biyu bayan haka, a hanyar gona, na fara jin wani kuka daga baya, wuuu, da zarar na taka totur. Da bakanike ya kwance notin difaransha, ƙullin ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, abin da ya zubo bai fi cikin kofin shayi ba, launinsa kuma kamar kunun gyaɗa. Ya leƙo daga ƙarƙashin motar ya ce, "Alhaji, yaushe rabon da a duba man nan?" Na ce ai an yi sabis ranar da na saya. Ya ce, "An dai juye baƙin mai." Kuɗin gyaran ya ninka na gadin da fitilun gaba ɗaya.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, irin wannan mota mai ogzilari, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat, tana da wurare biyar masu shan mai: inji, giya, akwatin ogzilari, difaransha ta gaba da ta baya. Ga kuma wuraren giris a jikin farfela, dogon ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota yana kai ƙarfi ga difaransha. Yawancin masu sabis na bakin titi ɗaya kawai suke taɓawa a cikin biyar ɗin, su karɓi kuɗinsu, kai ma ka tafi da zaton an gama. Don haka kuɗinka na farko ƙarƙashin mota ya kamata su tafi, kwalliya ta jira.

Mataki na farko: san irin ogzilarin da ke motarka

Iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai iya kashe mota lafiyayya a kan kwalta mai kyau.

Hilux, da Land Cruiser mai lamba 70 zuwa 79 irin ta sojoji da ƙungiyoyin agaji, da yawancin Nissan Patrol na da, a kullum tayoyin baya ne ke tura su. Sai ka sa ogzilari sannan na gaba su kama. A kan ƙaramin sandan giya, ko maɓallin da ake murɗawa a sababbi, za ka ga H2 da H4 da L4. H2 ita ce ta kwalta da cikin gari. H4 ta yashi da laka da burji mai santsi ce. L4 kuwa ta wurin da ake buƙatar ƙarfi a hankali, kamar hawan dutse, gangara mai tsanani, ko fita daga inda aka kafe.

Ka riƙe wannan da kyau: irin waɗannan motoci ba a tuƙa su da H4 ko L4 a kan busasshiyar kwalta. Idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, ogzilari kuwa ya ɗaure su wuri ɗaya ba sassauci. A kan yashi taya takan ɗan zame, matsin ya fita. A kan kwalta ba inda zai fita, sai ya taru a farfela da haƙoran giya. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa tsalle a kwana, sanda kuma ya ƙi komawa H2. In haka ta faru kada ka yi kokawa da sandan. Ka yi baya a miƙe kamar taku goma, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya kan ƙasa, zai saki da kansa.

Prado da manyan Land Cruiser irin su 100 da 200 kuwa tayoyinsu huɗu suna ja a kowane lokaci, domin suna da difaransha ta uku a tsakiya mai raba tafiya. A wajensu, maɓallin kulle wannan ta tsakiyar shi ne abin da ba a bari a kunne kan kwalta.

Sai ka tsuguna ka dubi tsakiyar tayar gaba. In ka ga wani abin murɗawa an rubuta FREE da LOCK, to motarka mai makullin hannu ce. Ko ka sa H4, muddin yana kan FREE, tayoyin gaba ba sa ja. Na taɓa iske mutum ya kafe a gindin wata kwari ya yi sharkaf da gumi, yana rantsuwa ogzilarinsa ya mutu, alhali makullan nan biyu ne bai murɗa ba. A murɗa duka biyun, tun kafin a shiga wurin da ake tsoro. L4 kuma ba a sa ta mota na tafiya: ka tsaya cak, ka taka kuloci, in mai sarrafa kanta ce ka mai da giya N, sannan ka sa.

Littafin Toyota ya ce a riƙa tafiya da ogzilari aƙalla kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya sassan gaba. Motocin Abuja da Kano da yawa sun shekara uku ba a taɓa sa musu ba, ranar da aka buƙata sai ya ƙi kamawa. Ka nemi hanyar ƙasa a bayan gari ka riƙa motsa shi.

Mataki na biyu: sabis ɗin farko, ka ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba

Duk abin da dillali ya faɗa maka game da sabis, ka ji da kunne ɗaya. Lambar kilomitar da ke mita ma ba abin dogaro ba ce, ana mai da ita baya. Ka ware yini guda, ka sayi mayukan da hannunka, ka zauna a garejin ana yi kana gani.

Baƙin mai tukuna. Tsofaffin injinan gas irin su 1HZ mai silinda shida da 5L suna tafiya lafiya da 15W-40 na gas. Sababbi irin su 1GD mai lita 2.8, musamman waɗanda aka shigo da su daga Turai, man da suke so ya fi tsinkewa, don haka ka bi lambar da ke littafin motar. A ƙurarmu da zafinmu, ni ba na wuce kilomita 5,000 ban juye ba, kuma kowane juyi da sabuwar filta. Jabun mai da jabun filta sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi. A Kofar Ruwa ko Panteka akwai mai kyau akwai marar kyau, a shago ɗaya ma. Ka sami mutum ɗaya da kuka saba, ka ce masa na asali kake so, ka kuma yarda ka biya kuɗinsa. Araha ba ta ado.

Sai difaransha, wato ƙullin ƙarfen nan mai kamar kabewa da ke tsakiyar aksil. Tana da noti biyu, na sama na zubawa, na ƙasa na juyewa. Ka tsaya kai da fata a fara kwance na sama. In aka juye mai sannan aka tarar na saman ya cije ya ƙi kwancewa, ka zauna da mota ba mai, ba kuma hanyar zubawa. Notin ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa. Ka karɓa ka duba da idonka: baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi da za ka ji a yatsa, haƙora ko boris sun fara ci. In man ya fito fari-fari, ruwa ya shiga. Man difaransha GL-5 ne, galibi 80W-90 ko 75W-85, kuma ana zubawa har sai ya fara dawowa ta bakin ramin sama, mota na tsaye a daidai. Wasu motocin difaranshar bayansu LSD ce, wato mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a santsi, akwai takarda a manne a jikinta, ita manta daban ne.

Akwatin ogzilari haka ake yi masa. Giyar hannu galibi GL-4 take so, kada a ɗura mata ragowar na difaransha don kawai galan bai ƙare ba. Giya mai sarrafa kanta kuwa ta fi kowa tsirfa: in an rubuta WS ko T-IV, shi za a zuba, ba kowane jan mai ba. Bayan wannan juyin na farko, kilomita 40,000 ya isa a sake, sai dai in ka shiga ruwa.

A saman kowane aksil akwai wani ɗan bututu mai hula da yake shaƙar iska. In laka ta toshe shi, zafi ya sa iska ta kumbura a ciki, sai mai ya ɓalle ta oyilsil ya jiƙa birki. In kuma ka shiga ruwa da aksil mai zafi, ta nan yake zuƙo ruwan. Ka sa a wanke shi. Mai yawan ƙetare rafi yakan sa a jona masa dogon tiyo a ɗaure shi can sama. Aikin bai kai kuɗin cin abincin rana ba, amma da na yi shi da ban ga kunun gyaɗan nan ba.

Giris. A jikin farfela ta gaba da ta baya akwai 'yan kawuna da ake maƙala famfon giris. Yaran gareji sukan buga biyu da ke kusa da hannu su bar sauran. Ka ce a juya farfelar a nemo kowanne, a goge bakinsa kafin a buga. A mahaɗa mai kamar gicciye, a buga har sabon giris ya fito ta gefe huɗu. A wurin da farfela ke shiga tana fita kuwa, bugu biyu ko uku ya isa, cika shi dam yana jawo wata matsalar.

Sannan taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Injinan 1HZ, 5L, 1KD da 2KD duk bel ne da su, ana canza shi tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 gwargwadon injin. In ya tsinke mota na gudu, fistin ya haɗu da bawul, sai dai a sauke inji. Tunda ba ka san yaushe aka canza ba, canza shi yanzu tare da boris ɗin da ke ɗame shi, ka rubuta lambar mita a jikin murfin. Masu fetur irin su 2TR mai lita 2.7 da 1GR mai silinda shida sarƙa gare su, wannan bai shafe su ba.

Man birki a sauya duk shekara biyu. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Mataki na uku: iska, man sha da ruwa

Filtar iska ita ce abin da hunturu ke fara kashewa. In kana bin burji a bayan wata mota, cikin kwana biyu za ka ga ta koma ja. Ka cire ta, ka ɗan bubbuga a tafin hannu, in za a hura a hura daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi. Mai faci da zai sa mata bakin tiyo da dukkan ƙarfin injinsa yana huda takardar ne, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. Kafin ka mayar, ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filtar. In ka ga ƙura a yatsanka, akwai inda take ɓullowa.

Mai injin gas, filtar mai ita ce rayuwarka. A ƙasanta akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan famfon roba da ake murɗawa a zubar. Akwai fitila a gaban direba da ke kamawa in ruwan ya yi yawa, kuma ba fitilar da za a ce bari mu kai gida ba ce. A samanta akwai abin dannawa da hannu don jawo mai bayan an canza filta ko mai ya ƙare. Ka koyi wannan aikin a gida, a inuwa, kafin ranar da za ka yi shi a rana. Injinan gas na Toyota masu tambarin D-4D ba sa yafe ruwa ko datti, saitin nozul ɗinsu kuwa kuɗin wata ƙaramar mota ne. In dole ta sa ka sayi mai a wajen 'yan bumburutu a ƙauye, ka bar jarkar ta zauna ta kwanta, ka tace da mazurari da tsabtataccen ƙyalle, ka bar na gindin jarkar kada ka juye.

Lagireto kuma ba ruwan rijiya ko na burtsatse ake zuba masa ba. Gishirin da ke ciki yana daskarewa ya toshe hanyoyin, ga tsatsa. A wanke shi, a zuba ruwan lagireto na gaske, ja ko ruwan hoda ga Toyota. Wata al'ada da ta zama ruwan dare ita ce cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai ƙasarmu zafi gare ta. Ban yarda da ita ba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. In mota na zafi, a nemi dalilin: murfin lagireto, fanka da ta daina kamawa, ko 'ya'yan ciyawa da suka toshe gaban lagireto. Da kaka kuma ka riƙa leƙa ƙarƙashi bayan ka ratsa ciyawa, domin busasshiyar ciyawar da ta naɗe a jikin salansa tana kama wuta.

Mataki na huɗu: taya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan kashe wa kuɗi, taya zan ce. Ogzilari ba ya amfana komai in abin da ke taɓa ƙasa ya suɗe.

A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tayar gwanjo takan zo da zane mai zurfi amma ta shekara takwas, robar ta bushe, zafin kwaltar Afrilu kawai take jira. Ka nemi mai LT a jikin lambarta, gefenta ya fi kauri, ta fi jure kututture da ƙaya da kaya. Ga wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi ƙasa, mai zanen AT ta wadatar. MT mai manyan haƙora ta laka ce, a kwalta sai kuka da saurin cinyewa, a yashi kuma haƙa rami take yi. Duka huɗun, har da safaya, su zama girma ɗaya. Kada kuma ka biye wa masu cewa a sa manya ƙwarai don motar ta yi kwarjini: ƙarfi zai ragu, birki ya yi sanyi, mita ta riƙa yi maka ƙarya.

Yawan iskar da ta dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka sayi geji naka, domin mai faci da yawa da bugun ƙarfe yake aunawa, sai ka tarar da 55 a tayar da ke son 30, a ma'aunin PSI. A burji mai gargada, rage iska zuwa kamar 26 ko 28 yana sa motar ta daina rawa, ƙusoshinta su huta. A yashi mai zurfi, irin na tuddan Yusufari ko hanyoyin arewacin Agadas, a sauke zuwa 18 ko 20. Tayar takan baje ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, sai ka ga motar da ke nishi ta taso tana tafiya a sama. Amma da wannan iskar ba a gudu, ba a kuma murɗa sitiyari da ƙarfi, taya za ta iya fita daga rim. Da ka hau ƙasa mai tauri ka mai da iskarka, shi ya sa famfon da ake maƙalawa a batir ya zama dole. Ka sayi mai kama kan batir kai tsaye, ƙananan nan na ramin sigari sukan ƙone kafin su cika taya ta biyu.

Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye da sarƙa. Yau ɗin nan ka gwada sauke ta. Sau da yawa sandan saukewar ba ya cikin motar, ko sarƙar ta yi tsatsa, ko safayar ba iska. Ka gwada jak da sifanar taya su ma. Duk sanda aka kwance taya, ka sake ɗaure notinan bayan kilomita 50 zuwa 100.

Mataki na biyar: kayan da za su zauna a mota

Na farko shebur mai dogon hannu. Ba abin da ya kai shi fitar da mota, ba kuma abin da ya kai shi araha. Sai katako mai kauri, faɗinsa kamar faranti babba, da za a ɗora jak a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse motar na zaune. Sai geji da famfo, da kayan toshe huji irin na tsinke da igiyar roba. Sai farantai biyu na shimfiɗawa a gaban taya, na ƙarfe masu huji-huji irin na direbobin sahara ko na roba mai tauri.

Igiyar ja tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ake rasa rai. Ka sayi ta gaske mai faɗi, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka, kamar kilo 8,000 ga irin su Hilux, da mahaɗan ƙarfe masu lamba a jiki, tan 3.25 ko 4.75. Kada ka taɓa rataya igiya a ƙwallon jan tirela da ke bayan mota. Ƙwallon nan yakan karye ya taso kamar harsashi ya fasa gilashin ɗaya motar. Ƙananan zobban da ake ɗaure mota da su a jirgin ruwa su ma ba na ja ba ne, haka gadin mai walda. Wurin ja shi ne ƙugiyar da aka ɗaure a jikin shasi da manyan kusoshi. Kada a haɗa igiya biyu da ƙarfe a tsakiya. A jefa jiƙaƙƙen buhu ko bargo a tsakiyar igiyar, in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Sannan a kori jama'a. A ƙauye da mota ta kafe yara za su cika wurin, kowa na son gani. Kada a ja sai sun matsa nesa fiye da tsawon igiyar.

Kafin ma a kai ga igiya: da ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafarka. Kowane ƙarin totur rami yake haƙa maka, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sauko, rage iska, kwashe yashin gaban tayoyi huɗun da na ƙarƙashin difaransha, miƙe sitiyari, sa L4 da giya ta biyu, ka taso a hankali. Sau da yawa baya ta fi sauƙi, tunda hanyar da ka shigo a take take.

A akwatin kaya ka ajiye fambel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, fiyus, filtar mai ɗaya, baƙin mai lita biyu, man birki, waya, tocilan, wayar tayar da batir, sifanu daga 8 zuwa 19, filaya da sukudireba. Ka yanka tsohon tub ɗin taya dogaye-dogaye ka jefa ciki, ba abin da ba ya ɗaurewa. Abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku dama jami'an kiyaye haɗurra na FRSC za su tambaye ka, sai dai ka ajiye na kashe gobarar inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhuna ba. Akwatin magani, da ruwan sha aƙalla lita biyar ga kowane mutum a yini, ban da na mota.

Mataki na shida: nauyi, da abin da za a ƙara wa mota

Akwai ƙaramin faranti a jikin motar da ya faɗi iyakar nauyinta da kaya. Abin da Hilux mai ƙofa huɗu ke ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, kuma a ciki har da kai da fasinjojinka, da gadin gaba, da duk wani ƙarfe da ka ƙara. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Buhun masara goma sun cinye lissafin tun kafin direba ya shiga. Na san ana ɗora fiye da haka kullum, ana kuma isa. Amma shasin da ke tsagewa a bayan kabin da sifirin da ke karyewa a gargada daga nan suke. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a gaban aksil na baya, a ɗaure. Saman rufi na katifa da tabarma ne. Jarkoki a sama su ne ke kifar da mota a gefen tudu.

In kuɗi sun samu, ga yadda zan jera: taya, sai farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji, sai ƙugiyoyin ja na gaske gaba da baya, sai shakazoba masu kyau. Ɗaga mota sama da injin jan kai su zo daga baya, in ma aikinka ya nuna kana buƙatarsu. Fitilun rufi kuwa, da hazo ya sauko hasken dawowa yake yi idonka, nawa na cire su.

Bututun iskar nan da ake ɗagawa gefen gilashi yana da amfani, yana jawo iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi. Amma bai mai da mota kwalekwale ba. Toyota ta ce sabuwar Hilux tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, wannan kuma ruwa ne a tsaye, a kan ƙasa mai tauri. Rafin Agusta mai gudu lissafinsa daban. In ba za ka iya ratsa shi da ƙafa ba, kada ka sa mota. Ka jira, ruwan kwari yakan janye cikin sa'o'i, ka kuma tambayi mutanen garin inda suke bi. In ka shiga, L4, tafiya ɗaya ba canjin giya a tsakiya. In inji ya mutu a cikin ruwa, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya, a jawo ta waje a duba filtar iska tukuna. Ruwa ba ya matsuwa, murɗawa ɗaya ta isa ta lanƙwasa ƙarfen fistin. Bayan ka fita, ka ɗan riƙa taka birki a hankali har ya bushe.

Tafiya mai nisa cikin sahara ba ta mota ɗaya ba ce, ba kuma ta sabon hannu shi kaɗai ba. Masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku a ayari suke tafiya, da wanda ya san ƙasar. Yashi yana sa mota ta sha mai fiye da yadda ta saba nesa ba kusa ba, don haka tankin Hilux mai lita 80 ba zai kai ka inda yake kai ka a kwalta ba. Ko gona za ka a dajin da ba sabis ɗin waya, ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka kuma tambayi halin tsaron hanyar a ranar, ba labarin makon jiya ba.

Bayan ka dawo

Ka kai ta wanki, ka ce ƙarƙashi kake so a wanke, har cikin rim da saman shasi inda laka ke maƙalewa tana cin ƙarfe. Da ta bushe ka shimfiɗa kwali ka shiga da tocilan. Dubi robobin shaf na gaba, in ɗaya ta yage giris ya fantsama, a canza ta a satin nan kafin yashi ya cinye mahaɗar. Dubi jikin shakazoba ko yana jiƙe da mai. Kama farfela ka girgiza. Ɗaga tayar gaba da jak, ka riƙe sama da ƙasa ka jijjiga, in tana ƙwas-ƙwas boris ko boljoyin ne. Duba ƙarfen da ke danne batir, gargada na kwance shi. In ka ratsa ruwa, a sake buga giris, a kwance notin sama na kowace difaransha, ka tsoma ɗan yatsa ka fito da shi ka duba launin. Sannan ka ɗauko ƙaramin littafin da ke aljihun gaban mota, ka rubuta kwanan wata, lambar mita, da abin da aka zuba.